Kaset ɗin da babu waƙa a cikinsa

Wata bakwai da rasuwar mawaƙin, ƙofar gidansa ba ta huta ba. Masoya na ta zuwa, kowa ya yi kukansa ya ɗauki wani abu ya tafi. Hularsa ta tafi, takalmansa sun tafi, har kofin shan ruwansa wani ya zura a aljihu yana sharɓe hawaye. Matarsa kallo kawai take yi. Nata hawayen ya ƙafe tun ranar jana'iza, da ta ga baƙi sun fi ta iya kukan mijinta.

Ranar da abin ya fara, tana kwashe shanya da magariba, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu ya biyo, sannan shiru. Can daga ɗakin Auta, 'yarsu mai shekara goma sha tara, muryar mamacin ta tashi da waƙa, har da 'yar rawar nan da take yi a ƙarshen baiti.

Kafin mako labari ya bazu cewa kullum da magariba ana jifan rufin, mamacin na waƙa ta bakin Auta. Rana na faɗuwa jama'a za su cika ƙofar gida, wayoyi a sama, kowa na kiran waƙar da yake so. Babu wanda ya tambaya ko yarinyar ta ci abinci. Auta ta rame ta koma kamar tsinke, ta daina gane uwarta.

Ƙanen uwar ne ya kawo wani tsohon malami. Ya sa aka kulle ƙofa, ya zauna gaban Auta yana karatu a hankali, har waƙar ta yanke. Wata siririyar murya ta fito daga bakinta.

"Ka daina, malam. Ni ba shi ba ne. Masoyinsa ne."

Ashe aljani ne. Ya ce shekara talatin yana bin mawaƙin dandali zuwa dandali, babu baitin da bai haddace ba. Da ya zo ta'aziyya ya tarar an wawashe komai, sai 'yar ce kaɗai ba a ɗauka ba.

"Mutum ce, ba hula ba," in ji malam. "Fita za ka yi."

"A ba ni abin da ke ƙasan akwati, in tafi."

Malam ya waiwayo. Uwar ta san abin da ake nufi. Wani tsohon kaset ne da aka ɗauka ranar da mijin ya manta bai kashe rikoda ba. Babu waƙa a ciki. Tari yake yi, yana neman tabaraunsa, yana kiranta da sunan da babu wanda ya sani sai su biyu, tana masa faɗa yana dariya. Duk duniya abin da ya rage nata ke nan ita kaɗai.

Ta tashi. Ta ɗauko, ta ajiye a kan katanga kamar yadda malam ya ce. Da ta sake dubawa babu shi.

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido. "Mama, yunwa nake ji."

Jifa ya tsaya, jama'a suka watse suna gunaguni. Har yau in uwar ta fita, waƙarsa na tashi daga kowane shago da kowace mota. Takan tsaya bakin titi, tana ƙoƙarin tuna yadda yake kiranta, amma waƙar ba ta barinta ta ji.