Mota Mai Kujera Biyu

Mashkura na zaune a inuwar rumfar tsakar gida tana tsince shinkafa, ta miƙe ƙafafu saboda cikin da ya fara yi mata nauyi, sai ga mijinta Zulkiflu ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba, waya a hannu, baki har kunne.

"Mashkura! Aje faifan nan ki ga abin da mijinki za shi shiga!"

Ta karɓi wayar ta duba. Hoton wata jar mota ce mai sheƙi, ƙofa biyu, shimfiɗaɗɗiya kamar kadangare, cikinta kusan yana shafar ƙasa.

"Kai, ta yi kyau! Ta wa ce?"

"Ta wa? Tawa mana! Motar tsere ce, irin ta manyan 'yan ƙwallo. Haliru ɗan baffana ya gano mani ita a Kwatano. Wallahi duk Kabi babu irinta!"

Mashkura ta yi dariya, ta shafa cikinta. "To ni da baƙon da ke tafe, ina za mu zauna? Kujera biyu nake gani."

"Ke dai kina da ɓata wa mutum lissafi," ya ce, ya ja mata hanci cikin wasa.

Zulkiflu ɗan kasuwa ne mai fataucin albasa da barkono tsakanin Bagudo da garuruwan ƙetaren iyaka. Maraya ya tashi, yayarsa Kubura ce ta raine shi da ƙosai da kunun sayarwa, shi ya sa ko ya girma maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Sau ɗaya ya taɓa tsallake ta, ranar da ya dage sai ya auri Mashkura, ɗiyar wani makiyayi daga Kurgu. Kubura ta haɗiye abin, amma bai taɓa wuce mata wuya ba.

Da Mashkura ta ga da gaske yake, har yana maganar sayar da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya don ya cika kuɗin, sai ta roƙe shi ya ji ta bakin kawunta Alhaji Namadi, wanda ya tsufa a harkar sayar da motoci a Birnin Kabi. Ranar Juma'a Alhajin ya zo gaida su. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙa wayar.

"Zulkiflu, mota ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma kafin ka dubi mota, dubi hanyar da za ta bi. Wagga ko tudun rage gudu na bakin kasuwa sai ya kankare mata ciki, balle damina ta sauka. In ta yi tari, wane bakanike za shi buɗe ta a Bagudo? Tayarta ɗaya in ta fashe, sai an aiko maka daga Legas. Fetur na kwalba da ake saidawa bakin hanya kuwa guba ne gare ta."

"Kawu, ai Haliru ya ce..."

"Haliru dillali ne, la'adarsa yake nema. Kada ka sayi mota a hoto. Tahi da ƙafarka, da bakaniken da kai ka ɗauko, ba na mai mota ba. Ka tuƙa ta. Ka gwada lambar jikinta da ta takardun kwastan. In duk ta tsallake, kuma ranka na so, saya, Allah ya sa albarka. Abu guda kawai nake roƙonka: kada ka saida tsohuwar motarka. Irin wagga ado ce, ba a maida ta motar gida."

Da alama maganar ta shige Zulkiflu. Amma Kubura, wadda ke zaune a sashen gaba na gidan, duk ta ji ta bayan zana. Alhaji na fita ta shigo tana tafa hannu.

"Lallai! Yau kuma dangin matarka anka tara su koya maka cin dukiyarka? Zulkiflu, ka manta sadda muke bin gidaje ana kore mu kamar kaji? Ka manta masu ce mana 'ya'yan babu? Yanzu Allah ya ɗaga ka, ina so su gani da idonsu su mutu da baƙin ciki, sai wagga mai warin nono ta ce a'a?"

"Yaya, ni ban ce a'a ba..." in ji Mashkura.

"Rufa mani baki! Hassada ce! Tsoro kike ya shiga mota 'yan birni su gan shi, ki koma rugarku!"

Mashkura ta dubi mijinta tana jiran ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Ba a yi wata guda ba aka sayar da tsohuwar motar. Zulkiflu bai je Kwatano ba, Haliru ne ya yi komai. Ranar da aka sauke jar motar daga bayan tirela, Bagudo ta girgiza. 'Yan acaba suka yi mata rakiya da oda, samari suna ta bidiyo, injinta na ruri kamar hadari. Kubura ta ci ado da leshi, ta buɗe ƙofa ta harɗe a kan farar kujerar fata tana ɗaga wa mata hannu.

Mashkura ma ta fito da sabon mayafinta, tana murmushi, don duk da komai farin cikin mijinta nata ne. Ta kai hannu za ta taɓa ƙofar, Kubura ta buge hannun a gaban jama'a.

"Kul! Wadda ta yi wa abu baƙin baki ba ta taɓa shi. Je ki ɗora abincin baƙi."

Mata suka kwashe da dariya. Zulkiflu ya ji, ya taka mai, suka bar ta tsaye da hannu a sama.

Tun daga ranar gidan ya canza mata. Sati bai cika ba tudun bakin kasuwa ya tsage wa motar roba ta gaba, Kubura ta ce bakin Mashkura ne. Injin ya fara shaƙewa bayan an zuba mata man kwalba, Kubura ta ce asirin dangin Mashkura ne. Tun Zulkiflu na cewa "Haba Yaya," har ya daina. Ya daina cin abinci tare da ita. Ya kan wuni a ƙofar gida yana goge motar da tsumma mai laushi, amma bai ƙara tambayar ta yadda ta kwana da cikin ba. In ta yi kuka, sai ta wanke fuska kafin ya shigo.

Ana saura kwanaki kaɗan a kai ta Kurgu goyon ciki, wata ranar kasuwa bayan la'asar, santsin ruwan da aka yi da safe ya kwashe ta a bakin rijiya. Ta faɗi a kan cikinta. Da ta yunƙura ta ga jini na bin ƙafafunta.

"Wayyo Allah! Zulkiflu! Zulkiflu!"

Maƙwabciyarsu Hussaina ce ta fara tsallako katanga. Ta tallafe ta, ta ja ta har ƙofar gida inda Zulkiflu ke tsaye da abokansa.

"Buɗe mota! Maza, asibiti! Jini take zubarwa!"

Zulkiflu ya ruɗe, ya zaro makulli, ƙofar ta buɗe. Sai Kubura ta sha gabansa.

"Kana hauka? Farar kujera ce fa! In jini ya shiga fatar nan har abada ba shi fita. A nemo mai mashin mana! Mu da munka haihu a ɗaki mun mutu ne?"

"Kubura, ki ji tsoron Allah!" Hussaina ta daka mata tsawa. "Mashin a wanga hali?"

Mashkura na durƙushe a cikin taɓo. Ta ɗago ido ta dubi mijinta. Ta ga ya dubi kujerar, ya dubi zanenta da ya jiƙe, ya sake duban kujerar. Sannan a hankali ya tura ƙofar ta rufe.

"Bari... bari in kira Bunyaminu ya zo da motar albasa," ya ce.

Ba ta ƙara kiran sunansa ba.

Bunyaminu, direban da ke ɗaukar wa Zulkiflu albasa, na can cikin kasuwa ana yi masa lodi. Kafin a sauke buhuna ya kutso cikin cunkoso ya iso, rana ta yi ja, Mashkura ta daina magana. A bayan motar albasa aka shimfiɗa ta, kanta a cinyar Hussaina. Ma'aikatan asibiti suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ceto ta da ƙyar. Yaron kuwa namiji ne, ya zo babu rai. Likitar ta ce da an kawo ta da wuri, da wataƙila an same shi.

Zulkiflu ne ya karɓi ɗan a cikin farin ƙyalle. Bai fi nauyin ƙwaryar fura ba. Da hannunsa ya sa shi a rami, ya dawo gida ya tarar da Kubura na watsa ruwa tana wanke jinin ƙofar gida kusa da tayar motar.

"Ka daina wagga fuska," ta ce. "Yara nawa ake binnewa kullum? Ta sake wani. Mota dai ga ta lafiya lau."

Ya tsaya yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta.

"Yaya, kin raine ni, ba ni iya zagin ki har in mutu. Amma ɗana na binne yanzu. Ke kika faɗa, ni na rufe ƙofar. Daga yau ba ki ƙara sa baki a aurena."

Daga asibiti mahaifin Mashkura ya wuce da ita Kurgu. 'Yan'uwanta maza suka yi rantsuwa sai an raba auren, har da masu ɗauko sanda. Ita ce ta hana su.

"Ku bar ni da shi da Allah. Ban ce a sake ni ba, ban kuma ce zan koma ba."

Duk daminar nan Zulkiflu na zuwa Kurgu a bayan mashin, taɓo har gwiwa. Ya zauna a ƙofar gida tun hantsi har yamma, surukinsa ya amsa gaisuwarsa a taƙaice, Mashkura ba ta fito ba. Ya sa motar a kasuwa, mai saye na farko ya gwada lambar jikinta da takardu ya ce na bogi ne. Haliru ya kashe waya ya tsallaka iyaka. Ba a jima ba jami'an kwastan suka zo suka ɗora ta a tirela suka tafi da ita. Zulkiflu ko leƙowa bai yi ba.

Kubura kuwa, garin da ta so ta burge shi ne ya juya mata baya. Hussaina ba ta ɓoye abin da ta gani ba. In Kubura ta shiga gidan biki, sai mata su janye tabarma su ce, "A kula, kada a ɓata wa Hajiya wurin zama." Aka daina kai mata goron suna. Aka daina sayen ƙosanta.

Sai bayan an girbe gero Mashkura ta yarda ta fito. Ta rame, idanunta sun faɗa. Zulkiflu ya durƙusa a gabanta a gaban shanu da yara, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Mashkura, ki yafe mani. Mota ta tahi, komai ya tahi..."

"Ba motar ce ta yi mani ba," ta ce a hankali. "Ƙarfe ne, ba ta san ni ba. Kai ka san ni. Na ga idonka ranar nan. Sau biyu ka dubi kujera, ni sau ɗaya."

Ya kifa goshi a ƙasa.

"Na yafe maka don Allah, don ni ma ina son ya yafe mani. Amma mantawa sai a hankali. In zan koma, ba gidan nan ba."

Ya kama haya a wata unguwa, ya koma bin motocin albasa da kansa kamar farkon farawarsa. Alhaji Namadi bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba, shi ne ma ya tsaya masa wurin manoma har kasuwarsa ta miƙe. Ranar da Mashkura ta tare, Kubura ta zo da kanta, ba leshi ba gwal, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Mashkura ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa. Kubura ta riƙe kofin, ta fashe da kuka.

"Ni na kashe maki ɗa, Mashkura..."

"Kwanansa ne ya ƙare, Yaya. Sha ruwa."

Shekara biyu bayan haka Allah ya ba su 'ya mace, aka sa mata Ni'ima. Tun cikin na wata uku Zulkiflu ya hana ta ɗaga ko bokiti, kuma ranar naƙuda a bakin ƙofar ɗakin haihuwa ya tsaya yana addu'a har ya ji kukan jaririya. Da aka miƙo masa ita, sai ya juya ya fuskanci bango don kada a ga hawayensa.

Jama'a, ba laifi ba ne mutum ya sayi abin da ransa ke so in Allah ya hore masa. Amma ya saurari wanda ya san abin, ya auna shi da garinsu da iyalinsa, kada ya saya don ya ƙona zuciyar maƙiya. Kuma duk girman haƙƙin wanda ya raine ka, ba a yi masa biyayya wajen zaluntar amanar da Allah ya ba ka. Mashkura ta yi haƙuri ta sami mijinta da gidanta. Zulkiflu ya sami gafara, amma har yau in ya bi ta gefen maƙabartar Bagudo sai ya rage tafiya, don akwai ɗan ƙaramin kabari a can da nadama ba ta iya buɗewa.