Hoton Ƙirjin Sallau

Ku matso, ƙannena. Rage fitilar nan, Uwani. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Mijina Sallau yana da cuta mai karya garkuwar jiki. Daga ni sai shi muka sani. Da tari ya kama shi, numfashi ya fara gagararsa, likita ya sa aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ce in karɓo in kawo masa a ranar.

Na karɓo. Amma a ƙofar ɗakin likitan, inda ake ba masu wannan cuta magani, sai na hango Ladi maƙwabciyarmu tana sayar da kunu. Na cusa hoton cikin mayafi, na juya. Na ce gobe.

Na bi hanyar rafi, dab da magariba. A kan kwalbati wata tsohuwa tana zaune.

"'Yar nan, kawo hoton in gani."

Ban nuna mata komai ba, amma ta san da shi. Muryarta kuma kamar mutum biyu ke magana. Hannuna ne ya miƙa mata, ba ni ba.

Ta ɗaga shi wajen jan rana.

"Kin ga farin nan kamar hazo, dama da hagu? Nan iska ba ta shiga."

"Iya, a asibiti kike aiki?"

"Koma. Likitan bai tashi ba."

Na sunkuyar da kai. Sai na ga ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba.

Na fizge hoton na zura da gudu. Gida na nufa, ba asibiti ba.

Washegari Ladi tana nan a ƙofar ɗakin likitan. Rana ta uku ma haka. Rana ta huɗu aka ɗauki Sallau ranga-ranga zuwa asibiti. Likita ya ɗaga hoton a fitilarsa, ya nuna farin nan, dama da hagu.

"Baiwar Allah, ina kika kai hoton nan tun Litinin? Akwai maganin wannan."

Sallau ne ya amsa, da ɗan numfashin da ya rage masa: "Likita, rufa min asiri ta yi."

Kafin la'asar ya cika.

Hoton yana ƙasan akwatina. A gefensa akwai shatin yatsan tsohuwar, har yau da danshi. Shekara shida.

Kada ku bi hanyar rafi ku kaɗai da magariba. In kuma likita ya ce ku kawo hoto, ku kai masa, ko wa ke zaune a ƙofa. Aljana ma ta ce in koma. Ni ce ban koma ba.