Inji Ɗaya, Suna Biyu

Halimatou ta kalli ekaran ɗin, wato allon kwamfutar, ta runtse ido, ta sake buɗewa. Kalmar tana nan, ba ta je ko'ina ba.

maigidana

"Innalillahi..." ta faɗa, hannunta a baki.

Ɗakin injina ne kaɗai wuri mai sanyi a duk cibiyar, amma gumi ne ke bin bayanta har cikin zane.

A shekarar nan damina ta yi gardama, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, sojojin da suka karɓi mulki kuma suka fito fili suka ce akwai yunwa a ƙasa. Aikin cibiyarsu shi ne ta tattara hotunan tauraron ɗan Adam da rahotannin ƙauyuka, ta fitar da taswirar wuraren da motocin hatsi za su fara zuwa. Duk bayanan nan suna cikin manyan injinan kwamfuta da ke gaban Halimatou, waɗanda aka haɗa suka zama kamar rumbu guda. Duk abin da aka ajiye, tsarin yakan yi masa kwafi biyu ya raba wa injina biyu, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Kowane inji kuma yana ɗauke da sunan ma'aikacin da ke kula da shi.

To, rumbun nan ne ya tsiri faɗuwa. Da an fara zuba manyan hotuna sai komai ya sandare. An zargi zafi, an ƙaro kilim mai sanyaya ɗaki. An zargi kuran, wato wutar lantarki, an gyara grup, janaretan cibiyar. An canja wayoyi, an canja disk, duk a banza. Kullum saƙon kuskuren injin abokin aikinta Oumarou yake nunawa, har ta kai yau da la'asar za a zauna a kore shi.

Ga shi sai yanzu ta gano dalili, kuma dalilin ita ce.

Ranar da ɗauke kuran ya kashe injinan gaba ɗaya, ita aka sa ta sake shigar da su cikin tsarin. Ta rubuta isaka, ta rubuta halimatou, da ta zo kan nasa sai yatsunta suka ƙi. Da can tana kiran sunan nan gatsau kamar na kowa. Tun da ya shiga ranta bakinta ya yi nauyi, irin nauyin bakin matan aure da ba sa kama sunan miji. Sai ta rubuta abin da ke zuciyarta, wai ta gani ta ji daɗi, ta goge kafin ta tashi. Aka kira ta buro, wato ofishin direkta, ta manta.

Tsohon sunan kuwa yana nan a ciki. Shi tsari ina ruwansa da soyayya? Ya ɗauka injina biyu ne, oumarou da maigidana, ya dinga tura musu aiki lokaci guda, su yi ta kokawa a kan disk ɗaya har komai ya kife.

"Maigida... na."

Ta zabura. Isaka ne tsaye a bayanta yana karantawa, yana jan harafin ƙarshe kamar mai tauna cingam. Shi ne mataimakin direkta, ɗan aminiyar mahaifiyarta, wanda gidan su Halimatou suka riga suka yi wa alkawarinta a zuci. Tun da matsalar ta fara, shi kaɗai ke riƙe da kalmar sirrin da ake taɓa tsarin da ita.

"Da a 'maigida' kika tsaya, ƙanwata, da sai mu ce babban inji kike nufi. Amma 'na' ɗin nan fa?"

"Yaya Isaka, don Allah... ka buɗe min in gyara."

"Sai an tsayar da komai, kin sani. In an tsayar kuma sai an faɗa wa Kapitan ɗin kwamitin agaji dalili. Kina so a karanta wannan gaban soja? Gaban Direkta? Ya kai kunnen Maman a unguwarku ta Lazaret?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminta.

"Kwantar da hankalinki," ya ce da murmushi. "Yau zai tafi. Gobe in wanke injinsa tas, sunayen biyu su bi ruwa. Ni mai rufa miki asiri ne, yau da kullum."

Bai jira amsa ba ya fita.

Ta sami Oumarou a gindin dogonyaron bakin ƙofa, da ledar dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a hannu, bai ko kwance ta ba. Ɗan direban babbar mota ne daga unguwar Talladjé, asalinsu mutanen Tahoua, abin da ya sa mahaifiyarta ba ta son ko jin labarinsa. Bai taɓa furta mata komai ba. Iyakarsa ya ajiye mata ruwan sanyi a tebur ya wuce.

"Kai..." ta ce.

Ya ɗago. "Har yanzu 'kai' ne sunana?"

"Na gano abin da ke kayar da rumbun."

"To."

"To? Ba za ka tambaye ni mene ne ba?"

Ya kawar da kai yana kallon titi. Ta matso kusa da shi.

"Ka... ka gani?"

Ya gyaɗa kai, idonsa na kan titi.

"Ka gani! Tun yaushe?"

"Tun faɗuwa ta biyu," ya ce a hankali. "Injina ne, dole in bi sawunsa."

Da ƙasa za ta tsage da Halimatou ta shige, ta ja ta rufe. Ta juya masa baya, ta ja gyalenta ta rufe fuska. Ashe duk kwanakin nan da take gaishe shi tana basarwa, ya riga ya karanta ta tun daga farko har ƙarshe!

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Korar ka za su yi!"

"In faɗi mi? In kwashe abin da ɗiyar mutane ta ɓoye in shanya gaban maza? Aiki ana samun wani, Halima."

"Da sunan wanda ya hana mayunwata hatsi? Wa zai ɗauke ka?"

Ya ajiye ledar a gefe.

"Na roƙi Isaka ya bar ni in gyara ba da sanin kowa ba, ya ƙi," ya ce. "Saura kawai in gaya wa Direkta kada a wanke injin. Sauran kuma na ɗauka. Wallahi ban taɓa karanta abin da ya yi mini daɗi kamar kalmar nan ba. In don ita aka kore ni, ban yi asara ba... Halimata."

Ta ji "ta" ɗin nan har tafin ƙafarta. Ta ruga ciki ba ta waiwaya ba.

Bayan la'asar aka taru a ɗakin taro. Kapitan ɗin da kwamitin agaji ya turo ya ɗora hularsa a tebur, fuskarsa ba alamar wasa. Direkta Harouna sai share gumi yake yi.

"Motoci suna tsaye da hatsi, direbobi suna barci ƙarƙashinsu," in ji Kapitan. "Ni ban san ordinatur, kwamfutar nan taku, ba. Na dai san an ce injin mutum ɗaya ne ke yin pan, yana tsayar da aiki. Wane ne?"

Oumarou ya miƙe. "Ni ne, mon kapiten. Sakacina ne. Roƙona ɗaya..."

"Ba shi ba ne!"

Muryarta ce, ita kanta ba ta san lokacin da ta fito ba. Duk aka juyo. Isaka ya zare mata ido, ta ƙi kallonsa.

"Injinsa lafiya lau yake. An shigar da shi sau biyu ne, da suna biyu, tsarin yana ganinsa kamar injina biyu. Shi ya sa yake faɗuwa. Kuma kwafi biyun da muke taƙama da su, na kwanakin nan duk a disk ɗaya suke. In aka wanke shi, rahotannin sun tafi."

Direkta ya dafe kai. "Wa ya shigar da shi haka?"

"Ni ce."

"Bon," in ji Kapitan, ya ɗauki biro. "Sunan farko?"

Ta buɗe baki, sunan ya maƙale. Ta nuna Oumarou da hannu, idonta a ƙasa. "Nasa."

"Na biyu fa?"

Duk idanu suka dawo kanta. Kunnuwanta suka yi zafi, ta ji kamar an tuɓe mata ɗankwali a tsakiyar kasuwa.

"Maigidana..." ta ce, can ƙasan maƙoshi.

"Madam, ban tambaye ki mijinki ba. Sunan inji nake tambaya."

"Shi ne sunan."

Wata sakatariya ta toshe baki da takarda. Wani ya yi tarin ƙarya. Kapitan ya kalli Halimatou, ya kalli Oumarou da ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama, sannan ya ajiye biron a hankali.

"Ban ji komai ba," ya ce. "Wanda ya ji kuma ya yi dariya, da ni yake. Mai kalmar sirri ya buɗe musu. Taswira nake so."

Isaka ya buɗe, fuska a murtuke. Suka tsayar da rumbun, suka duba inda kowane kwafi yake. Direkta na tsaye a kansu.

"To, a goge sunan banzan nan mu huta."

"Ba zai yiwu ba, Direkta," in ji Oumarou. "Duk sababbin rahotanni ƙarƙashinsa aka rubuta su. In aka taɓa shi sai an sake gini daga tushe. Tsohon ne ba ya riƙe da komai."

"Wato naka za a goge?"

"A goge shi. Dama ita ba ta amfani da shi."

Halimatou ta danna, hannu ɗaya a kan maɓalli, ɗaya rufe da fuska. Aka tayar da injinan, aka zuba mafi girman hotunan da suke da su. Rumbun ya karɓa bai ko girgiza ba. Kafin magariba taswira ta fita.

Sai dai labari ya riga ta isa Lazaret, kuma ba sai an tambayi wanda ya kai shi ba. Ta tarar da mahaifiyarta zaune a tabarma, tasbaha a hannu amma ba ja take yi ba.

"Haawi!" in ji Maman da Zabarmanci, kafin ta juya Hausa. "Kunya, Halima! Gaban soja? Gaban maza? A kan ɗan direba?"

Halimatou ta durƙusa tana kuka. "Ki yafe min, Maman. Korar sa za su yi a kan laifina."

"Wane ne shi ma? Faɗi sunansa in ji."

Ta buɗe baki, ta rufe.

"Da ke nake! Isaka dai kina kiran sa har maƙwabta su ji. Shi wannan mene ne sunansa?"

"Maman... ba zan iya ba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta. Ita ma tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, har ya koma ga Allah. Ta san irin nauyin, ta kuma san ba ya sauka da faɗa.

"Tashi ki wanke fuskarki," ta ce, muryarta ta sauko. "Ki ce masa ya turo manyansa. Ni dai in sun zo sai su gaya mini sunan."

An ɗaura auren bayan saukar ruwan farko. Da Halimatou ta koma aiki, wani inji ya yi zafi wata rana, Direkta ya leƙo ɗakin yana tambayar wanne ne.

Abokan aiki suka zuba mata ido, kowa na danne dariya.

Kunyar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Amma wannan karon ba ta rufe fuska ba.

"Maigidana ne," ta ce. "Bari in duba shi."