Lambar Ƙofar Tela

Sufeto bai gama rataye hularsa ba wani tela ya faɗo ofis yana haki, tef ɗin awo a wuyansa, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, za su rufe mini gida! Matata jego take yi, ko cibiyar jaririn ba ta faɗi ba. Ina zan kai su?"

"Su wa za su rufe?"

"Masu harajin gidaje. Wallahi na biya, ga rasit. Wai na wani gida ne na sato!"

Sufeto shi ma uba ne. Ya mayar da hularsa, ya kira kofur.

A ƙofar gidan suka tarar da jami'in haraji riƙe da kwaɗo, mata na kuka daga ciki.

"Yallaɓai, aikinmu a fili yake," in ji jami'in. "Kowane mai gida yana biya duk shekara a kan lambar gidansa. Wanda ya ƙi mu aika masa gargaɗi, in ya yi kunnen uwar shegu mu zo da kwaɗo. Mu ba mu san fuska ba, lambar jikin ƙofa muka sani. Wannan kuwa ta daɗe ba ta biya ba."

Sufeto ya dubi tela. "Yaushe rabonka da karanta lambar nan?"

"Wa ke karanta lambar ƙofarsa, ranka ya daɗe? Shiga kawai nake yi."

Sufeto ya matsa kusa da ɗan farantin ƙarfen da lambar ke jiki. Ƙusoshinsa sababbi fil. A gefensa akwai shuɗin fenti, alhali bangon tela fari ne.

"Riƙe kwaɗonka tukuna," ya ce wa jami'in.

Suka sami mai fentin unguwar a kan tsani a bayan layi. Sufeto ya tambaye shi ko shi ya shafa wa lambar tela shuɗin fenti.

"Ni? Aikina tsaf yake, ko ɗigo ba na bari."

"To sauko mu je caji ofis ka maimaita."

"Haba yallaɓai, abin bai kai can ba! Gaskiya ba na cire lamba, kewaye ta nake yi, burushi yakan ɗan lashe ta. Shuɗin nan kuwa gidan yayan tela na shafa wa."

"Kama bakinka!" tela ya daka masa tsawa. "Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Gidan mahaifinmu aka raba mana biyu."

Yayan, wani direba, yana zaune a ƙofar shuɗin gidansa yana yanke farce.

"Rabona da guduma tun ina yaro," ya ce. "Masu haraji ne suka ruɗe, halinsu ne."

Sufeto ya ɗaga rasit ɗin tela kusa da lambar direban. Iri ɗaya. Ya sa kofur ya ɓamɓaro farantin. Gefensa farin fenti, bangon kuma ga ramukan tsofaffin ƙusoshi kusa da sababbi.

"Wannan ma masu haraji ne suka huda?"

Direba ya sunkuyar da kai. Sannan ya juya ga tela.

"Mota ta lalace, aiki ya tsaya. Gargaɗin ƙarshe ya zo, na rasa tudun dafawa. Na ce kai ƙanena kana da rasit, za ka iya kare kanka. 'Ya'yana na duba."

"Nawa fa, Yaya?" Hawaye ya zubo wa tela. "Da bakinka ka yi wa jaririn nan addu'a. Da ka tambaye ni, ko keken ɗinki ne sai in sayar."

Kofur ya danna wa direba ankwa, ya ja shi zuwa mota. Tela ya bi su yana roƙo.

"Ranka ya daɗe, na yafe, a sake shi!"

"Kai ka yafe. Hukuma ba ta yafe ba."

Motar ta tashi. Tela ya juyo, ya ga 'ya'yan yayansa sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallonsa. Ya share fuska da gefen riga.

"Me kuke jira? Ku kwaso kayanku, ku shigo wajenmu."