Kyamarar Taron Asabar

Ranar Litinin da hantsi, cikin daminar 2007, wani matashi mai suna Abdulrahim ya shigo caji ofis na Samaru ya kai rahoton an sace masa kyamarar bidiyo. Aikin ya faɗo kan Sufeto Shekari, wanda bai cika wata uku da zuwa Zariya ba. Iyalinsa na can Kafanchan, shi kuwa yana zaune a ɗaki guda a bariki, daga shi sai rediyo. Don haka ba ya raina aikin da zai fitar da shi cikin mutane, komai ƙanƙantarsa.

Abdulrahim ya kai shi wani shagon intanet kusa da kasuwar Samaru. A ɗakin baya na shagon ne masu rubuta manhajar kwamfuta suke taruwa duk Asabar bayan la'asar, ɗaya ya tashi ya koyar, sauran su yi tambaya. Wata biyu da suka wuce sun tafka muhawara kan ko a riƙa ɗaukar jawabansu a bidiyo. Abdulrahim ya kafe cewa 'yan Kaduna da Funtuwa, waɗanda ba sa iya zuwa, su ma suna da hakki. Aka kaɗa ƙuri'a, masu so suka rinjaya, ya aro kyamarar yayansa. Tun daga nan kowane jawabi sai an juye shi a faifan sidi an raba.

Sufeto ya duba kabad ɗin da ake ajiye kyamarar. Ba a ɓalle kwaɗo ba. Ga kwamfutar hannu a ciki ba a taɓa ta ba. Kaset ɗin ranar Asabar kuma an cire shi, an mayar da shi cikin gidansa, an ajiye shi daidai a kan kantar kabad ɗin.

"Su wa ke da makulli?"

"Mu uku ne, yallaɓai. Ni, da Ifeoluwa sakatariyarmu, da Malam Bappa, dattijon da ke buɗe mana ɗaki."

"Cikinku wa ya ƙi a yi bidiyon?"

"Ifeoluwa."

Ya same ta a ofishin da take aiki a Sabon Gari. Ta ce tun kafin a tashi taro ta tafi gida. Sufeto ya gaya mata cewa Amaechi, mai shagon intanet ɗin, ya ga fitarta, kuma ita ce ta ƙarshe. 

Nan ta amsa cewa ta yi ƙarya. Jawabinta aka ɗauka a ranar, an yi mata wata tambaya ta kasa amsawa, ta tsaya cak a gaban kowa. Bayan an watse ta zauna ne don ta goge kaset ɗin, amma zuciyarta ba ta yarda ba, ta kulle ta bar shi cikin kyamarar. Ta ƙara da cewa tun da aka kawo bidiyon sababbin zuwa suka daina tambaya, don ba mai son a adana jahilcinsa a faifai. Sannan ta miƙo masa littafin da ake rubuta sunayen mahalarta. A watan Mayu mutum ashirin da shida ne. Asabar ɗin da ta wuce, mutum bakwai.

"Sauran fa?"

"Suna jiran sidi a gida."

Malam Bappa yana zaune a Hanwa, cikin gida mai ɗaki huɗu, uku a kulle. Shekara talatin ya yi yana aiki a ɗakin kwamfuta kafin ya yi ritaya. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yan suna Legas da Abuja. Da Sufeto ya je, ya ce shi ma hannu ya ɗaga wa bidiyo, ko riƙe kyamarar bai iya ba, kuma rabonsa da Samaru tun Asabar. Tambayoyin ba su wuce minti goma ba, amma sai da tsohon ya riƙe Sufeto awa guda, da shayi, da gyaɗa, da labarin da ba ya ƙarewa. Shekari ya san irin shirun gidan nan. Bai yi gaggawar tashi ba.

Kwana biyu yana zagaya masu sayar da kayan lantarki a Sabon Gari, ba wanda aka kawo wa kyamara talla. Ranar Alhamis wani mai gyaran rediyo da bidiyo, Nedu, ya tsayar da shi.

"Oga, ba sayarwa aka kawo ba. Wani baba ne, mai farin gemu da tabarau mai kauri. Ya naɗo ta cikin tawul. Wai in nuna masa yadda ake cire batir, da yadda zai ajiye ta laima ba ta ɓata ta ba, ko da za ta kai shekara."

Sufeto ya koma Hanwa da azahar, shi da direba a motar ofis. Malam Bappa bai tambayi dalilin dawowarsa ba. Ya shiga ɗaki, ya fito da tawul ɗin, ya ajiye a kan tabarma. Batir ɗin na gefe cikin leda.

"Me ya sa, Baba?"

Tsohon ya ce ranar Lahadi ya je, ya shiga ta ƙofar lungu da makullinsa. Kaset ɗin ya bari ne don wahalar yarinyar nan ce a ciki, ba shi da hakkin taɓa ta. Ya ce da gaske ya ɗaga hannu ranar ƙuri'a, don bai so yaran su ce tsoho na tare musu hanya. Amma mako bayan mako yana jera kujeru talatin, yana mayar da ashirin ba wanda ya zauna a kansu.

"Sufeto, daga Lahadi zuwa Juma'a, in ka cire gaisuwar masallaci, ba na magana da kowa. Asabar ɗin nan kaɗai gare ni. Faifai ba ya gaishe ka, ba ya yi maka gardama. Na ce ko in babu na'urar nan za su dawo."

"Ka gaya musu haka?"

"Yaya zan ce wa jikokina ku zo don Allah, kaɗaici ya ishe ni?"

Shekari ya rubuta bayanin, tsohon ya sa hannu. Sufeto ya gaya masa gaskiya, cewa rahoto ya riga ya shiga littafi, dole su je ofis, abin da zai biyo baya kuma yana hannun Abdulrahim da yayansa. Malam Bappa ya sa hula, ya kulle gida, ya miƙo hannayensa biyu. Sufeto ya yi kamar bai gani ba, ya buɗe masa ƙofar mota, ya zauna kusa da shi a baya.

Suna hawa titin Samaru tsohon ya fara ba shi labarin kwamfutar farko da ya yi aiki da ita, wadda ta cika ɗaki guda, da yadda ake huda kati a ciyar da ita, kuskure ɗaya ya jawo maka aikin kwana uku. Muryarsa ta warware, har yana kwatance da hannu. Shekari bai fahimci rabin abin da yake faɗa ba. Ya duƙa gaba ya taɓa kafaɗar direba, ya ce masa ya rage gudu.