Baƙin Man Jar Mota

Ranar da Isiyaku ya fara tsayawa a shagon Malam Abarshi da ke bakin tashar Birnin Gwari, jama'a motarsa suka tsaya kallo, shi kuwa budurwar da ke bayan kantar shagon ya kalla. Jar mota ce mai kujera biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, irin wadda aka ƙera domin gudu. A lalace ya saye ta a Kaduna, ya shekara yana gyara.

"Sannu da aiki. A ba ni baƙin mai, wanda ya fi kowanne kauri."

Asibi, 'yar mai shagon, aikin injina ta karanta a kwalejin fasaha. Ta fito ta duba murfin da ake zuba mai.

"Malam, me motar ta yi maka da za ka shaƙe ta? Ga shi a rubuce, 5W-30, mai marar kauri take sha. Hanyoyin mai a injin nan sirara ne. Mai kauri ba zai hau sama da wuri ba, balle da sanyin safiya."

"Na tuba, Injiniya," ya ce yana murmushi.

Bayan mako guda saƙonsa ya shigo wayarta: "Injiniyata, motar tana tafiya kamar ta san ke kika zaɓar mata mai. Zuciyata ma haka."

Ta amsa: "Sarkin hanya, ka rage gudu. Motar tana da kayan gyara a kasuwa, kai ba ka da su."

Da maganar aure ta kai ga Malam Abarshi, sai ya ƙi. "Ba zan ba da 'yata ga mai tsere a hanyar da masu hankali ke bi da addu'a ba. Ga Ibrahim makanike, garejinsa na nan kusa, ba ruwansa da daji." Shekara talatin tsohon ya yi yana sayar da mai, kuma gwajinsa ɗaya ne: ya murza shi tsakanin yatsu biyu. In ya yi kauri, nagari ne. Asibi ba ta yi masa musu ba. Ta kai kukanta kan sallaya.

Wata Laraba ciwon ciki ya kayar da Malam Abarshi. Likita ya ce sai an yi masa aiki a Kaduna, kada ya wuce gobe. Hanyar kuwa ta cikin daji take, inda 'yan bindiga ke tare matafiya, don haka motoci ke tashi a ayari da rakiyar sojoji da ƙarfe bakwai. Wadda ta lalace a tsakiya, sai yadda Allah ya yi da mutanen cikinta.

Isiyaku ya kawo motarsa da la'asar, ya bar ta a ƙofar gidan da mabuɗi domin a shirya kaya. Tsohon ya yarda Isiyaku ya kai shi ne don babu yadda zai yi, amma daga kwance ya aika wa Ibrahim: a yi wa motar juye da mai na gaske, a ƙara gwangwani biyu na maganin da ke ƙara wa mai kauri.

Da safe, da Isiyaku ya tayar da ita, injin ya kama ƙwanƙwasa, fitilar gargaɗi ta kunnu. Asibi ta zaro sandar gwajin mai, ta ga abin yana bin ta kamar zuma.

"Kashe ta! Wa ya taɓa motar nan?"

"Ni na sa," in ji mahaifinta daga kujera, yana dafe da ciki. "Wancan naki ruwa ne. Ku tashi mu tafi, ayari zai bar mu."

"Baba, ku yi mini afuwa. In kuka tafi haka, ba za ta iya gudu ba, kuma tana iya tsayawa da ku a tsakiyar daji. Sai an zubar da shi, an canza filta. Rabin sa'a nake roƙo."

"Rabin sa'a? Mu bi hanyar nan mu kaɗai?"

Isiyaku ya dubi tsohon, ya dubi Asibi. "Baba, in injin yana lafiya, zan cim musu kafin su shiga inda ake tsoro, da yardar Allah. In ba ya lafiya, ko a tsakiyar sojoji muke, baya za a bar mu. Na yarda da maganarta."

Ya kwanta a ƙarƙashin motar, ita tana miƙa masa sifana. Man ya riƙa sauka a hankali kamar da gayya. Suna ji ayarin ya tashi, ƙarar motoci tana nisa har ta ɓace. Bakwai da rabi ta wuce kafin injin ya tashi da murya mai laushi.

Suka tafi. Asibi ta zauna a shago da carbi a hannu. A dajin babu sabis, ta kira har sau tara ba ta samu ba. In ba su cim ma ayarin ba, ita ce ta tsayar da su. Ibrahim ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Wallahi alheri na nufa, Asibi."

"Na sani. Ka taya ni addu'a kawai."

Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara.

"Injiniyata, mun riske su kafin Kuriga. An gama aikin, Baba ya farka. Tun da muka bar gari yake salati, da ya hango motar sojoji sai ya ce in ƙara wuta. Yanzu kuma ya ce in turo magabatana."

Asibi ta kifa kai a kan kantar shagon, ta yi kuka mai tsawo tana hamdala.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Malam Abarshi ya riƙe hannun angon ya ce, "Shekara talatin ina auna mai da yatsa, kai ma da ido na auna ka. Duka biyun na yi kuskure. Ka riƙe ta amana, kuma in ta ce a tsaya, ka tsaya. Allah ya yi muku albarka, ya kiyaye hanyarku."

Jama'a suka amsa da amin. A jar motar aka kai amarya, kuma duk garin ya shaida cewa ba a taɓa ganin Isiyaku yana tuƙi a hankali kamar ranar ba.