Akwatin Jarrabawar Malamai

Sufeton 'yan sanda Lallo bai gama cire hular masallaci ba wayarsa ta yi ƙara. Kaharuddin ne, shugaban ofishin ilimi na gundumar Pajukko.

"Sufeto, an ɗauke akwatin."

Bai tambayi wane akwati ba. Duk tsibirin an san shi. A cikinsa takardun jarrabawar malaman sa-kai ɗari biyu da sha huɗu suke, waɗanda ke neman a ɗauke su aiki na dindindin. A da, sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka. Da Hajiya Tenri ta ci zaɓen shugabancin gunduma, ta ce daga yanzu jarrabawa ce za ta raba gardama, kuma a birnin Makassar za a duba takardun, inda ba wanda ya san ɗan wani. Jirgin ruwan da zai kai akwatin zai tashi ƙarfe biyar na yamma.

Sufeto ya iske ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, kwaɗon lafiya lau.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da maigadi," in ji Kaharuddin. "In akwatin nan bai shiga jirgi ba, ranar Litinin majalisa za ta ce tsarin ya rushe, a koma rabon sunaye."

Sufeto ya durƙusa. An ja akwatin a ƙasa har bakin ƙofa. A kan sawun akwai wani busasshen zare mai gishiri. Ya shinshina. Ciyawar teku ce, irin wadda ake shanyawa ana cusawa a buhu.

Maigadin, Daeng Nai, tsoho ne mai haƙori biyu. Yana zaune a benci yana murza hularsa.

"Baba, ina kake lokacin sallar Juma'a?"

"Masallacin kasuwa, Yallaɓai. Sahu na biyu."

"Madalla. Yaya ka ga huɗubar liman?"

"Kai, ta ratsa jiki! Liman ai bakinsa zuma ne."

"Liman yana kwance da ciwon ƙafa tun Laraba. Na'ibinsa ne ya ja mu, kuma lasifika ta mutu a tsakiya. Ni ne a sahu na biyu, Baba."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Aike na aka yi in sayo farfesu. Aka ce in bar makullan a benci, za a kula da ƙofa."

"Wa ya aike ka?"

"Yallaɓai, jikokina huɗu, a gonarsa iyayensu ke aiki. Ka kulle ni kawai."

Sufeto bai matsa masa ba. Ya tsallaka titi zuwa rumfar mai soyayyar ayaba. Wata mata na zaune a can da jaka a cinya, bakin zaninta jiƙe da ruwan teku. Ta ce sunanta Rosmini, shekara goma sha ɗaya tana koyarwa a ƙaramin tsibirin da ke hayi, ita kaɗai da aji uku.

"Me ya kawo ki yau, Malama?"

"Na zo in ga an sa akwatin a jirgi da idona. Sau uku ina ganin sunana a jeri, gari ya waye ya zama sunan 'yar wani."

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafin kiran salla."

Mai ayaba ta yi dariya tana juya mai. "Ku maza, da kun shige masallaci sai ku ɗauka gari ya zama kufai. Mu fa muna nan, kuma da idonmu."

"Me idon ya gani?"

Mai ayaba ta koma kan kaskonta. Rosmini ce ta amsa.

"Shuɗiyar akori-kura maƙare da buhuna. Ta shiga da baya, ta fito. Na ɗauka tashar jirgi za ta, sai na ga ta yi hanyar rumbuna. Mai motar ne da kansa ke tuƙi."

"Kin san shi?"

"Andi Sessu."

Andi Sessu yayan Hajiya Tenri ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya biya mata makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, shi kuma ya zaga ƙauyuka ya nemo mata ƙuri'u.

Ƙarfe uku da rabi Sufeto ya shiga ofishinta. Ya faɗa mata komai a tsaye. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya san waya ɗaya daga wannan teburin ta isa a tura shi wani dutse a tsakiyar teku.

Hajiya Tenri ta dube shi.

"Da ba yayana ba ne, da ka biyo ta nan?"

"A'a, ranki ya daɗe. Da ina rumbunsa yanzu."

"To ka ɓata rabin awa. Mu je."

Sun sami Andi Sessu a ƙofar rumbu yana shan gahawa, mata na shanya ciyawar teku a kan tabarmi. Ya yi murmushi.

"Ƙanwata da kanta! Da ɗan sanda kuma? Ko gishiri na sata?"

"Ka je ofishin ilimi yau?" in ji Sufeto.

"Rabona da wurin tun watan jiya."

"Motarka fa?"

"Ta lalace tun jiya."

Sufeto ya ɗora tafinsa a kan murfin injin, ya janye da sauri. Sannan ya leƙa gaban motar. Ledar farfesu na rataye a jikin sandar giyar motar, ba a ko kwance ta ba.

"Ka karɓi aiken Daeng Nai, ka manta ba ka ci ba."

Ya sa kuratan 'yan sanda biyu da suka rako shi suka fara sauke buhunan da ke motar. A ƙarƙashin na bakwai akwatin ya bayyana, hatiminsa bai ɓalle ba. An ɗaure shi da igiya, an haɗa da manyan duwatsu biyu.

Matan da ke shanya suka tsaya cak.

"Teku za ka jefa shi, Yaya?" in ji Hajiya Tenri.

Murmushin ya gushe. "Gida-gida na bi, Tenri. Na yi wa mutum talatin alkawari cewa 'ya'yansu za su samu aiki. Da bakina. Kina tsammanin don kyan manufarki suka zaɓe ki?"

"Na gaya maka kada ka yi alkawari da sunana."

"Ni na ɗauke shi, na amsa. To sai me? Ɗan sandan nan ba zai taɓa ni ba sai kin ce."

"Ba sai na ce ba. Shi ya sa na zo, don kowa ya ga ban ce komai ba."

Sufeto ya ciro ankwa. Andi Sessu ya dubi ƙanwarsa, yana jira. Hawaye na zuba a fuskarta, amma ba ta motsa ba. A hankali ya ajiye kofin, ya miƙa hannuwansa.

"Wa zai gaya wa Mama?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni. Daga nan can za ni. Kuma gobe zan kawo maka abinci da kaina."

Kurata suka sa shi a mota suka nufi caji ofis.

Biyar ta wuce da minti goma lokacin da Sufeto ya isa tasha da akwatin. Jirgin na nan, injinsa na ruri, amma ba a janye tsani ba. Labari ya riga shi zuwa. Malamai sun fi arba'in sun zauna a kan matakalar, Rosmini a gaba, sun ƙi tashi. Matuƙin ya leƙo daga sama yana daga murya.

"Ku hanzarta mana! Shekara ashirin ban taɓa makara ba!"

Malaman suka miƙe, suka yi layi. Daga hannu zuwa hannu akwatin ya hau, har ya shige cikin jirgi.